Tsoro da dogara ga Allah: yadda Kiristocin Nijar ke fahimtar jagorar Ubangiji

Ranar Juma'a 16 ga watan Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta wallafa ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram. Kashegari Asabar wutar ta kama a Yamai. Cikin kwana biyu mutum 10 suka rasa rayukansu, biyar a Damagaram, biyar a Yamai, kuma ƴan sanda sun ce a babban birnin kaɗai an ƙona majami'u 45. Ɗaruruwan Kiristoci a Damagaram sun kwana a barikin soja. Wasu kuma a gidajen maƙwabtansu Musulmi suka ɓuya har ƙura ta lafa. Gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya fito ya ce masu ƙona wuraren ibada ba su fahimci Musulunci ba.

Shekaru sun wuce, an sake gina majami'u da yawa, amma tambayar da waɗannan ranaku suka bari tana nan: mutumin da ya ce ya dogara ga Allah, yaya zai yi da tsoro? Kuma in ya ce Allah ne ke bishe shi, ta yaya yake gane hanyar? Wannan tambaya ce da ake yawan wa'azi a kanta ranar Lahadi a Maraɗi, Tawa, Dogonduci da Yamai. Amsar da koyarwar Kirista ke bayarwa ta shafi Kiristan da ke zaune a tsakiyar ƴan'uwansa Musulmi, ta kuma shafi maƙwabcin da ke son ya san abin da ke cikin zuciyar mutumin da suke raba katanga ɗaya.

Ƴan tsiraru masu daɗaɗɗen tarihi

A ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristoci ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na al'ummar Nijar ba. Duk da haka tarihinsu a ƙasar ya haura shekara ɗari. Ƴan mishan na SIM sun sauka a Damagaram a 1924, daga nan aikinsu ya bazu zuwa Tibiri da kewayen Maraɗi. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, wanda har yau marasa lafiya ke zuwa daga sassan Nijar da arewacin Najeriya, akasarinsu Musulmi. A Danja kuma, kusa da Maraɗi, an san cibiyar kula da masu cutar kuturta. Daga wannan aiki ne ikilisiyar EERN ta fito, wadda Hausawa ke da yawa a cikinta. Ɗariƙar Katolika tana da manyan yankuna biyu: na Yamai, da na Maraɗi wanda aka kafa a 2001 ƙarƙashin bishop ɗinsa na farko, Ambroise Ouédraogo, ya haɗa jahohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa ya fito tun 1932.

Abin da ke tsorata Kiristan Nijar, akasarinsa shi ne abin da ke tsorata kowa: damana ta yi gardama, tiyar hatsi ta hau, yaro ya kwanta da zazzaɓi babu kuɗin magani, ɗan da ya gama lakwal ya rasa aiki ya kama hanyar Agadas ko Aljeriya, ƴan bindiga su tare hanya a Madarunfa ko Gidan Runji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO ta rufe iyakoki ta kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja, Musulmi da Kirista layi ɗaya suka bi a kasuwa da kantin magani. Sai dai akwai wani tsoro na daban da ƴan tsiraru ke ɗauke da shi: wani abu ya faru a wata ƙasa mai nisa, a zo a huce a kansu, ko mai gidan haya ya ce su tashi, ko dangi su juya wa mutum baya saboda addininsa.

Tsoro iri biyu ne

Malaman Kirista kan fara da raba kalmar gida biyu. Akwai tsoron Allah, wanda littafin Karin Magana ya ɗauka a matsayin tushen hikima. Ma'anarsa girmamawa ce, da sanin cewa akwai ranar da mutum zai ba da lissafin abin da ya aikata. Bahaushe ya san wannan, shi ya sa in ana yabon ɗan kasuwa mai cika mudu sai a ce mai tsoron Allah ne. Wannan tsoro ana so a ƙara shi.

Na biyun shi ne fargabar da ke kama zuciya ta hana mutum barci, ta hana shi faɗin gaskiya, ta sa ya zargi kowa. Shi ne wanda Littafi Mai Tsarki ke yawan gargaɗi a kansa. Akwai maganar da ta yaɗu a wa'azi da saƙonnin WhatsApp cewa umurnin kada a ji tsoro ya zo sau 365 a cikin Littafin, ɗaya domin kowace rana ta shekara. Masu ƙirga kalmomin sun nuna cewa adadin ya dogara ga fassara da yadda aka yi ƙirgar, kuma in kalma da kalma za a bi, bai kai haka ba. Abin da ba a musu a kai shi ne, umurnin yana cikin waɗanda aka fi maimaitawa, tun daga Ibrahim har zuwa Maryamu uwar Yesu.

Akwai dangantaka tsakanin tsoron nan biyu. A koyarwar Kirista, idan girman Allah ya cika zuciya, girman mutum da na masifa sai ya koma daidai gwargwadonsa. A babi na 10 na bisharar Matiyu, Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya gaya wa almajiransa cewa iyakar ikon maƙiyi jiki ne, rai kuwa yana hannun Allah. A wurin kuma ya kawo misalin ƴan tsuntsaye marasa tsada a kasuwa, waɗanda ko ɗaya ba ya faɗuwa ba tare da sanin Allah ba.

Bayin Allah ma sun ji tsoro

Mutane da yawa suna ɗaukan cewa mai bangaskiya ba ya jin tsoro, in kuwa ya ji, to bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Wannan tunani na sa wasu su ɓoye damuwarsu, su je sujada da murmushi alhali cikinsu ya ɗuri ruwa. Labaran da ke cikin Littafi Mai Tsarki ba su goyi bayan haka ba.

Annabi Iliya, bayan ya yi nasara a kan annabawan gunki a Dutsen Karmel, da sarauniya Yezebel ta aika masa saƙon kisa sai ya ranta a na kare, ya shiga jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Abin lura a babi na 19 na littafin Sarakuna na fari shi ne yadda Allah ya bi da shi. Kafin a yi masa wata magana, an bar shi ya yi barci, an ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Daga baya ne aka yi masa magana cikin murya marar ƙarfi, aka nuna masa cewa ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunki ba, aka kuma ba shi sabon aiki. Fastoci kan jawo darasi uku daga nan: mai fargaba yana bukatar hutu da abinci, yana bukatar ya san yana da ƴan'uwa, yana kuma bukatar abin yi.

Dawuda, wanda ya kashe Goliyat, shi ne kuma aka jingina wa zabura masu yawa na kuka da neman ceto. A Zabura 56 ya amsa da bakinsa cewa tsoro na kama shi, ya ce a irin wannan rana ce yake jingina ga Allah. Bitrus ya taka ruwa ya nufi Yesu, da ya dubi ƙarfin iska sai ya fara nutsewa. Shi ne kuma ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku a daren da aka kama shi, saboda tambayar wata baiwa da wasu ƴan kallo. Duk da haka shi aka ɗora wa kiwon ikilisiya. Yesu kansa, a lambun Gatsemani, bisharu sun nuna shi cikin matsananciyar damuwa, yana roƙon in da hali a ɗauke masa wahalar da ke tafe, sannan ya miƙa wuya ga nufin Allah.

Saboda haka ne masu wa'azi ke cewa jin tsoro hali ne na ɗan'adam, kamar yunwa da gajiya. Inda bangaskiya ke shigowa shi ne a abin da mutum ya yi bayan tsoron ya zo: ko ya bar shi ya riƙe linzami, ko ya kai shi gaban Allah ya ci gaba da aikata abin da ya dace.

Ta yaya ake gane jagorar Allah?

Kirista ya gaskata cewa Allah yana bi da bayinsa kamar yadda makiyayi ke bi da garke, hoton da Zabura 23 ta zana wanda kuma duk mai zaune a ƙasar makiyaya zai gane. Amma a aikace, matashin da ke tunanin ko ya tafi ci-rani ko ya zauna ya yi noma, ko matar da ke tunanin ko ta kwashe ƴaƴanta daga ƙauyen da ƴan bindiga suka addaba, ba sa jin murya daga sama. Ikilisiyoyi, na Katolika da na bishara, sun fi koyar da hanyoyi huɗu da ake haɗawa a auna.

Ta farko ita ce Littafi Mai Tsarki. Shi ne ma'auni: duk abin da mutum ya ji a ransa wanda ya saɓa wa umurnin da ke rubuce, kamar ɗaukar fansa, cin hanci ko yin ƙarya don tsira, ba a karɓarsa a matsayin jagorar Allah, kome daɗin da ya yi wa zuciya. Ta biyu addu'a ce, wani lokaci da azumi, inda Kirista ke roƙon Ruhu Mai Tsarki ya ba shi hikima da kwanciyar rai. Ta uku shawarar dattawan ikilisiya da masu sanin abin da ake magana a kai. Littafin Karin Magana ya yaba wa yawan mashawarta a wurare da dama. Ta huɗu kuwa ita ce duban yanayi, wato ƙofofin da suka buɗe da waɗanda suka rufe. Manzo Bulus ya so shiga wasu yankuna da wa'azi aka hana shi, sai hanya ta buɗe masa zuwa Makidoniya.

Mafarki da wahayi suna da wuri a cikin Littafin, daga Yusufu ɗan Yakubu har Yusufu mijin Maryamu. Amma ana gargaɗi a gwada su da sauran ma'aunan, domin ba kowane mafarki ke ɗauke da saƙo ba, kuma an sha ganin gidaje sun watse saboda wani ya ce an nuna masa a barci cewa surukarsa mayya ce.

Wani abu da ake yawan nanatawa shi ne, Allah ba ya nuna hanyar gaba ɗaya. An kira Ibrahim ya bar ƙasarsu ba a faɗa masa sunan inda zai sauka ba. Zabura 119 ta kamanta maganar Allah da fitila a sawun matafiyi, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye da dare da aci-balbal ko tocila ya san iyakar haskenta taku kaɗan ne. Sai an yi takun ake ganin na gaba.

Jahar Maraɗi tana da nata misali da duniya ta sani. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya masanin aikin gona, ya zo Nijar a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin SIM domin dasa itatuwa. Shekara da shekara ana dasawa, iska da fari da awaki suna cinyewa, kaɗan ƙwarai ke rayuwa. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa wata rana a 1983, yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyin mota don ya ratsa rairayi, zuciyarsa ta karaya, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Da ya duba wani ɗan kurmi a gefen hanya sai ya gane cewa toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka fara koya wa manoma su zaɓi reshe mai ƙarfi su sassabe sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Yunwar 1984 ta sa manoma da yawa suka gwada. Masu bincike sun ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin eka miliyan 5 na ma'aunin hekta, da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, kuma a 2018 Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood. Mafi yawan manoman da suka yi aikin Musulmi ne, wasunsu ma sun san dabarar tun kaka da kakanni. Ga Kirista, darasin shi ne amsar addu'ar ba ta sauko da wani abin al'ajabi ba. Abin da yake gani kullum ne aka ba shi idon ganewa, sauran kuma aiki ne na shekaru.

Dogara ba ta hana dabara

Bahaushe ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka, Musulmi kuma sun san koyarwar ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Koyarwar Kirista ta tafi a kan wannan layi. Lokacin da Nehemiya ke sake gina garun Urushalima maƙiya suna barazana, ya sa jama'a addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu da dare ya gudu Masar saboda sarki Hirudus. An zura Bulus cikin kwando ta bayan garun Dimashƙu don ya tsere wa masu neman ransa. Da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya yi tsalle daga ƙololuwar Haikali tunda Allah ya yi alkawarin tsaro, Yesu ya ƙi, ya ce wannan gwada Allah ne.

Wannan fahimta ce ta sa a Janairun 2015 shugabannin Katolika suka dakatar da sujadar Lahadi na ɗan lokaci har hankali ya kwanta, ba kuma wanda ya kira wannan rashin bangaskiya. Haka a jahar Tilaberi, inda aka kai hari majami'ar Dolbel a watan Mayun 2019 aka raunata limaminta, inda kuma ƙauyuka da dama na yankin Makalondi da Torodi suka watse, iyalan da suka kwashe kayansu suka koma gari sun yi abin da Littafinsu ya halatta. Wanda ya zauna don kada ya bar tsofaffi da marasa lafiya, shi ma yana da hujjarsa. Ikilisiya ba ta da hukunci ɗaya ga kowa a nan. Abin da take tambaya shi ne dalilin: mutum ya tsaya ko ya tafi ne bayan addu'a da shawara, ko firgici ne kawai ya kore shi, ko kuma girman kai ne ya zaunar da shi?

Haka abin yake ga lafiya. Kai yaro rigakafi, kwana cikin gidan sauro, zuwa awon ciki, duk ba su saba wa dogara ga Allah ba. Ikilisiyoyin da suka gina Galmi da Danja da kansu shaida ne.

In abin da ake tsoro ya faru fa?

Nan ne tambayar ta fi nauyi. Akwai waɗanda suka yi addu'a aka ƙona shagonsu. Akwai waɗanda suka yi azumi ɗansu ya mutu. Ba'amurke ma'aikacin agaji Jeffery Woodke, wanda aka sace a Abalak a watan Oktoban 2016, sai a watan Maris na 2023 aka sako shi, kuma mutum biyu sun mutu a daren da aka ɗauke shi.

Limamin Katolika ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, ya yi shekara 11 yana aiki a Bomoanga cikin Gurmawa kafin ƴan bindiga su ɗauke shi a daren 17 ga Satumban 2018. An tsare shi a cikin hamada, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, har zuwa 8 ga Oktoban 2020 da aka sako shi a Mali. Bayan fitowarsa bai ɓoye cewa ya yi kuka ba, ya kuma ce ya tambayi Allah dalilin da ya sa ya yashe shi. Ba shi da littafi ko majami'a. Carbin da ya ƙulla da ƙyalle da addu'o'in da ya haddace ne suka rage masa. Ya kuma ce ya yafe wa waɗanda suka tsare shi, yana kallon matasan da ke gadinsa a matsayin yaran da aka ɓatar.

Labarin da ake yawan karantawa a irin wannan hali shi ne na samari uku a babi na 3 na littafin Daniyel. Sarkin Babila ya ce su yi sujada ga gunki ko a jefa su tanderu. Suka amsa cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko da bai cece su ba, ba za su durƙusa ba. Malamai kan tsaya a kan wannan rabi na biyu, domin shi ke nuna cewa dogararsu ba ciniki ba ce. Alkawarin da Kirista ke riƙe da shi, kamar yadda annabi Ishaya ya kawo a babi na 43, shi ne Allah zai kasance tare da bawansa lokacin da yake ratsa ruwa da wuta. Wurin bai ce ba za a ratsa su ba. A ƙarshe kuma begen Kirista yana kan tashin Almasihu daga matattu, wanda a bangaskiyarsu ya nuna cewa mutuwa ma ba ita ce magana ta ƙarshe ba.

Wannan ne ya sa ikilisiyoyin da suka daɗe a ƙasar ke nesanta kansu da wasu masu wa'azi, a talabijin da intanet, da ke yi wa mutane alkawarin cewa in sun ba da kuɗi ko sun sayi wani mai ko ruwa na musamman, cuta da talauci ba za su kusance su ba. Irin wannan wa'azi da tsoron mutane yake ciniki. Idan kuma masifar ta zo, sai a ce wa mai ita laifinsa ne, bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, a ƙara masa nauyi a kan nauyi. Littafin Ayuba gaba ɗayansa yana ƙaryata wannan: abokansa sun nace cewa zunubinsa ne ya jawo masa wahala, a ƙarshe Allah ya tsawata musu.

Maita, sammu da laya

A ƙasar Hausa akwai wani tsoro da ba a cika faɗa a fili ba: kambun baka, sammu, maita, iskoki. Kirista Bahaushe a cikin wannan duniya ya tashi, kuma ba a rasa wanda ke zuwa sujada da safe, da dare ya leƙa wurin boka. Koyarwar ikilisiya ba ta musun cewa akwai ikokin mugunta. Abin da take cewa shi ne suna ƙarƙashin ikon Almasihu, don haka mai bi ba ya bukatar laya ko tsafi don kare kansa. Tana kuma gargaɗi a kan zargin maita, wanda sau da yawa a kan tsofaffin mata, gwauraye da marasa galihu yake faɗawa. Mutumin da fargaba ta cika shi yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi, mafi sauƙin samu kuwa shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa.

Tsoro da maƙwabci

Babban haɗarin tsoro ga ƴan tsiraru shi ne ya zama ƙiyayya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wanda aka ƙona wa majami'a zai iya fara kallon duk mai rawani a matsayin maƙiyi, ya manta cewa wanda ya buɗe masa ƙofa a daren tarzomar ma Musulmi ne. Wasiƙar Yohanna ta fari ta koyar da cewa ƙauna in ta cika, tana korar tsoro, Yesu kuma ya umurci mabiyansa su yi wa masu tsananta musu addu'a.

Bayan abin da ya faru a 2015, bishop-bishop na Katolika a Nijar sun aika wa al'ummar Musulmi saƙon zumunci da gafara, shugabannin ikilisiyoyin bishara ma suka yi kira ga mabiyansu kada su rama. Fafaroma Faransis ya yi addu'a domin Nijar a bainar jama'a, ya ce ba a yin yaƙi da sunan Allah. A watan Yunin 2019, da aka ƙona wata majami'a a Maraɗi bayan kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada, malamai da sarakuna da hukumomi sun shiga tsakani, limamin da kansa ya yi kira ga magoya bayansa su kwantar da hankali. Kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai da ke aiki a jahohi sun ƙara samun muhimmanci tun daga waɗannan shekaru.

Gafara a koyarwar Kirista ba ta hana neman shari'a ko neman hukuma ta tsare rayuka da dukiya. Bulus ya yi amfani da ƴancinsa na ɗan ƙasar Roma ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Abin da gafara ke hanawa shi ne ɗaukar doka a hannu da riƙe mutum a zuciya.

Abin da ake yi yau da gobe

A aikace, yaƙi da tsoro a rayuwar Kirista ya fi faruwa a ƙananan abubuwa. Iyali su taru da asuba ko bayan tuwon dare su karanta ƴan ayoyi su yi addu'a. Yara su haddace zabura, domin ranar da babu littafi a hannu abin da ke ka ne ke amfani. Zumuntar mata su kai wa wadda mijinta ya rasu hatsi da itacen girki, su zauna da ita. A lokacin shaida a majami'a, wani ya tashi ya faɗi yadda ya fita daga wata matsala, mai irin ta a zaune ya ji ƙarfi. Bulus, yana cikin kurkuku, ya shawarci Filibiyawa su mayar da kowace damuwa roƙo, su haɗa da godiya; Yesu kuma a babi na 6 na Matiyu ya ce a bar wa gobe damuwarta, a ɗauki ta yau kaɗai.

Ana kuma ƙara gane cewa wani tsoron ciwo ne. Wanda ya ga kisa da idonsa, ko ya kwana a hannun ƴan bindiga, zai iya yin watanni yana firgita cikin barci, ƙarar babur ta sa gabansa ya faɗi, ya rasa sha'awar abinci da hira. Irin wannan yana bukatar addu'a da ƴan'uwa a kusa, yana kuma bukatar ganin likita ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar yadda mai karaya ke bukatar ɗori. Fasto ko dattijon da ya ce masa ya ƙara bangaskiya kawai ya sallame shi, bai bi misalin yadda aka yi da Iliya ba.

Duk ranar Lahadi, a unguwannin Damagaram da Yamai inda hayaƙi ya tashi a 2015, ana buɗe ƙofofin majami'u, ana kaɗa ganga, ana waƙa da Hausa, Zabarmanci, Gurmanci da Faransanci. Cikin masu zuwa akwai waɗanda suka kwana a barikin soja a wancan mako. Idan an tashi, sukan biya ta kasuwa su yi cefane a wurin maƙwabtan da suka saba, a gaisa, a tambayi lafiyar gida da yara, kowa ya ce sai godiyar Allah.